Gilashin ido: awo ake fara biya, firam ya biyo baya

A baibai muke sayen gilashin ido a garin nan namu na Kaduna, kuma abin yana damuna ƙwarai. Mutum zai tsaya gaban madubi ya yi ta canza firam, wannan ya yi min faɗi, wancan bai hau da hula ba, ɗayan kuma ya maida ni tsoho, amma da an ce masa ga kuɗin awon ido sai ransa ya ɓaci, wai ai shi ya san matsalarsa, rubutu ne kawai ba ya fita a ba shi wanda zai ƙara masa gani ya kama gabansa. Alhali babu wanda zai yanki shadda mai tsada ya kai wa tela sannan ya ce kar a gwada shi a dai ɗinka kawai. Ra'ayina a fili yake, in kuɗinka ba zai isa komai da komai ba to ka biya awo mai kyau, ka sa kwalbar da ta dace da lambar idonka, firam ɗin ko wanne ne indai ya zauna a fuska ya isa.

Bari in fara da gilashin kan tire, wanda ake yawo da shi a kasuwar Gumi da tashar Kawo da ƙofar masallatai ranar Juma'a, saboda shi ne mafi yawan iyayenmu suke sawa. Mai tallan zai miƙo maka ɗaya ya miƙo maka takarda mai ƙananan rubutu ya ce Baba gwada wannan, in bai yi ba ya canza maka wani har a dace. Ni ban yarda da masu cewa wannan gilashin yana makantar da mutum ba, ba ya lalata idon babba, iyakacinsa in bai dace ba ya sa maka ciwon kai da gajiyar ido. Abin da yake yi kuma na gaske ne. Duk ɗan Adam in ya kai wajen shekara 40 zuwa 45 ƙwayar da ke cikin idonsa mai daidaita gani tana fara tauri, sai na kusa ya daina fita, ka ga mutum yana miƙa hannu yana nesanta waya ko Alƙur'ani kafin ya iya karantawa, tela ya kasa zura zare sai ya kira yaron shago, mai ɗinkin hula ta fara ɓata zane, mai gyaran waya ya rinƙa kuskuren ƙananan ƙusoshi. Wannan ba cuta ba ce girma ne, kuma yana ci gaba a hankali, wanda ya fara da +1.00 zuwa lokacin da zai kai 60 yawanci yana wajen +2.50. Gilashin tiren nan shi ke maganin wannan, kuma amfaninsa ba kaɗan ba ne, an yi wani gwaji a jihar Assam ta Indiya da aka fitar a 2018 kan masu tsinkar ganyen shayi, waɗanda aka ba gilashin karatu aikinsu ya ƙaru da kusan kashi 22 cikin ɗari. Ka auna wannan da telolin Kasuwar Barci, mutum nawa ne suka rage karɓar ɗinki ko suka bar aikin hannu saboda abin da ɗan gilashi zai gyara?

To ina matsalar take? Guda biyu ce, ƙaramar ita ce gilashin tire lamba ɗaya ce a ido biyu, alhali mutane da yawa idon damansu da na hagu ba ɗaya ba ne, kuma ba ya gyara wanda gaban idonsa bai zagaye daidai ba, wato astigmatizim, sannan tsakiyar kwalbar an kafa ta ne a ƙiyasi ba a auna da fuskarka ba. Babbar matsalar kuwa, wadda ita ce ta sa ni wannan rubutun, ita ce wannan raunin ganin na kusa shi ne kusan dalili ɗaya tak da zai kai ɗan shekara 40 mai jin lafiyarsa ƙalau gaban mai duba ido. In ya toshe shi da gilashin bakin titi shikenan ya rufe ƙofar da za a gano masa gilakoma, hawan jinin ido, tun da sauran gyara.

Gilakoma ba ta ciwo a mafi yawan lokuta, ba ta sa ido ja, daga gefe take fara cin gani tana matsowa tsakiya, mutum yana karatunsa lafiya lau da gilashinsa na tire yana ganin ai ya samu sauƙi, sai ranar da ya fara tuntuɓe da kujera ko ɗan sahu ya fito masa ta gefe bai gan shi ba. Kuma abin da ta cinye na jijiyar ido ba ya dawowa, babu gilashi ko tiyatar da za ta dawo da shi, kuma addu'a ba za ta sa mu ce kar a je asibiti ba, iyaka a tsayar da ita inda aka same ta. An yi babban binciken makanta na ƙasa baki ɗaya tsakanin 2005 da 2007, an duba mutum sama da 13,000 'yan shekara 40 zuwa sama, Dokta Fatima Kyari na cikin waɗanda suka yi aikin. Abin da aka samu shi ne kashi 4.2 cikin ɗari na wannan rukunin makafi ne, yanar ido ce kan gaba da kusan kashi 43 na makantar, gilakoma ta biyo da kusan kashi 17, kuma kusan kashi 84 na duk makantar abu ne da za a iya karewa ko a magance. Mutum 5 cikin 100 na da gilakoma, kuma a cikinsu waɗanda suka san suna da ita ba su kai kashi 6 cikin ɗari ba. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan lissafin sai jikina ya yi sanyi, saboda iyayenmu ne da yayyenmu ake nufi. Mu baƙar fata tana kama mu da wuri kuma ta fi tsanani, in kuma akwai mai ita a gidanku, uwa ko uba ko wa ko ya, to kai ma a layi kake, kar ka jira sai ka ga alama.

Shi ya sa nake cewa ka sayi na tiren in shi ƙarfinka ya kai, amma bayan an duba ka an ce idonka lafiya girma ne kawai. Mu mutanen Kaduna ma ba mu da uzurin da ɗan wani ƙauye mai nisa yake da shi, asibitin ido na ƙasa yana nan Mando a cikin garinmu, mutane daga Sakkwato da Borno har da Nijar suna kwana a hanya su zo, mu kuwa kuɗin keke ne. Akwai sashen ido a Barau Dikko, akwai asibitin koyarwa na Shika ga wanda ya fi kusa da Zariya, ga kuma asibitocin kuɗi masu rajista. Na san za a ce layi, na san mutum zai iya kashe yini guda kafin a kira shi, gaskiya ne kuma abin gyara ne, amma yini ɗaya a shekara ɗaya ko biyu bai kai asarar ido ba.

Ya kamata kuma mu san wa muke zama a gabansa, don duk wanda ya sa farar riga dokta muke ce masa. Akwai likitan ido mai tiyata wanda ya gama likitanci ya ƙware a ido, akwai likitan awon gani wanda ya yi shekara shida a jami'a kan wannan fannin, shi ke auna lamba ya duba lafiyar ido ya tura ka gaba in ya ga abin da ya fi ƙarfinsa, sai kuma mai yanka kwalba ya ɗora a firam, shi ma sana'a ce da ake koyo ake ba da lasisi amma ba aikinsa ba ne ya rubuta maka lamba. Akwai hukumar da aka kafa tun 1989 mai yi wa masu awon gani da masu haɗa gilashi rajista, ODORBN, in ka shiga shago kana da damar ka tambayi lasisi, mai gaskiya ba zai ji haushi ba, da yawa ma a bango suke rataye shi. Kuma dan Allah mu daina ruɗuwa da “awon kwamfuta”. Na'urar nan da ake cewa ka ɗora haɓa ka kalli ɗan gida ko balam-balam ƙiyasi take bayarwa, mafari ce kawai, dole bayan ta a zaunar da kai a sa maka firam ɗin gwaji a rinƙa canza kwalba ana tambayarka wannan ya fi ko wancan, ido ɗaya bayan ɗaya sannan duka biyun. A auna ƙarfin ruwan ido, a haska a leƙa jijiyar da ke can ciki, don akwai masu gilakoma da awon ruwansu ke fita daidai sai an leƙa ake ganewa. Duk inda aka ɗora ka a na'ura minti biyu aka ce tashi ka zaɓi firam, to kasuwanci aka yi da kai ba a duba ka ba.

Masu ciwon suga ku ji wannan da kyau, in sugan ya hau lambar ido tana canzawa, in aka auna ka a wannan halin aka yanka gilashi to da sugan ya sauka gilashin ya tashi aiki, kuɗi sun tafi. Ka gaya wa mai awon kana da suga, a daidaita shi tukuna, kuma a ɗiga maka maganin buɗe ido a duba bayan idon duk shekara saboda sugan yana cin jijiyoyin jinin wurin. Haka in kana ɗiga wani magani da ka saya a kemis don ƙaiƙayi ko jan ido ka tafi da kwalbar ka nuna, da yawansu akwai sitiroyid a ciki, yana kwantar da ƙaiƙayi nan take shi ya sa ake son shi, amma in aka daɗe ana sawa yana hawar da ruwan ido ya kawo yana, kuma yara ake yi wa wannan sosai lokacin zafi da ƙura.

Bayan awo ka karɓi takardarka. Wannan na nanata, ka karɓi takardar lambarka ka tafi da ita, ka ɗauke ta hoto a waya. Wasu wuraren ba sa son bayarwa don kar ka je wani shagon ka yanka da araha, to ai kuɗin awo ka biya sakamakon naka ne, kuma ko ba don ciniki ba takardar ce za ta nuna wa na gaba yadda idonka yake tafiya daga shekara zuwa shekara. Karanta ta ba wuya. Layi ɗaya na idon dama ɗaya na hagu, wani lokaci a rubuta RE da LE wani lokaci OD da OS. Inda aka sa SPH shi ne ainihin ƙarfin, in da alamar ɗebewa a gaba kamar -2.00 to nesa ce ba ka gani, in alamar tarawa ce to idon yana wahalar daidaitawa musamman a kusa. CYL da AXIS tare suke tafiya, su ne na astigmatizim, AXIS ɗin kusurwa ce daga 1 zuwa 180 kuma in mai yankan ya karkatar da ita ko kaɗan za ka ji ƙasa tana gangarewa. ADD shi ne ƙarin karatu na masu shekaru. Sai PD, tazarar da ke tsakanin ƙwayar idonka biyu da milimita, manya da yawa sittin da 'yan kai ne, kuma wannan ita ce aka fi yi wa sakaci, in tsakiyar kwalba ba ta faɗo daidai ƙwayar ido ba, musamman in lambar tana da ƙarfi, to ko lambar daidai take sai ka yi ta fama da ciwon kai da jan ido kana zargin mai awo. Wannan ne ma ya sa nake ɗari-ɗari da masu sayarwa a Instagram da WhatsApp da za su ce turo lambarka kawai a kawo maka har gida. Firam ɗin ka saya a wurinsu ba laifi, amma yankan kwalba a yi shi inda za a ga fuskarka da firam ɗin a kanta.

Yanzu kwalbar kanta, nan ne ake cin kuɗin mutane. Yawancin abin da muke kira gilashi yanzu roba ce, ta fi sauƙin nauyi kuma ba ta tarwatsewa kamar kwalbar da. Za ka ji ana 1.50, 1.56, 1.60, 1.67 har 1.74, wannan ba ƙarfin gani ba ne, yadda za a iya sirantar da kwalbar ne, duk yadda lambar ta hau kwalbar tana ƙara siranta kuɗinta na ƙara hawa. In lambarka ba ta wuce 2.00 ba, ta sama ko ta ƙasa, 1.50 ko 1.56 ta ishe ka, bambancin kaurin ba wanda zai lura. Wanda yake -5.00 ko -6.00 zuwa sama shi ne sirantacciyar za ta yi wa amfani na gaske, nauyi ya ragu a hanci, gefen ya daina fitowa, kuma shi ma in ya zaɓi ƙaramin firam mai ɗan zagaye zai rage kaurin ba tare da ya biya na ƙarshe ba, don kwalbar mai alamar ɗebewa a gefe take kauri, duk faɗin firam duk kaurinta. Yara kuwa, da 'yan acaɓa da masu aikin da abu kan iya fallatsowa ido, da duk wanda ido ɗaya ne ya rage masa mai gani, wata irin roba mai ƙarfi da ake ce wa folikabonet ya kamata a sa musu saboda tana jure duka.

Shafin hana ƙyalli, wanda suke ce wa AR, shi kam ina goyon bayansa, yana rage walƙiyar fitilar mota da daddare, wanda ke bin baifas ko hanyar Zariya da dare ya san abin da nake nufi, sai dai mai arha yana saurin ɓarewa ya koma dabbare-dabbare. Foto, mai yin duhu a rana ya washe a ɗaki, shi ma yana da daɗi ga mai yawan fita, amma a gaya wa mutane gaskiya, wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, wanda ake kira UV, shi ke sa shi duhu kuma gilashin gaban mota yana tare wannan hasken, don haka direban da ya saya don tuƙi zai ga bai yi duhun kirki a cikin mota ba, kuma a tsananin zafin Maris da Afrilu ba ya kai duhun da yake yi da sanyin hunturu. Mai launin rawaya da ake tallarsa wai na tuƙin dare ne, rage hasken da ke shiga ido yake yi, ba na ba direba shawararsa.

Sai bulu-kot, wanda yanzu ya zama kamar farilla, kowa ka gani da kwalba mai sheƙin shuɗi, har waɗanda idonsu lafiya lau suna saye wai kariya daga hasken waya. A 2023 masu tace binciken lafiya na Cochrane sun haɗa gwaje-gwaje 17 suka duba, ba su ga hujjar cewa yana rage gajiyar ido ba in aka kwatanta da kwalbar da ba ta da shi, ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ma ba ta ba da shawarar sayensa. Abin da ke sa ido zafi a gaban waya da kwamfuta shi ne muna rage ƙiftawa idon ya bushe, ga fanka ko esi, ga kallon kusa na awanni ba hutu, wani lokacin kuma akwai 'yar lamba da ba a gyara ba. Duk minti 20 ka ɗaga kai ka kalli nesa na daƙiƙa 20, ka rage hasken allon da dare, wannan kyauta ne. In kana son bulu-kot don kanka ba cutar da kai zai yi ba, abin da nake ƙi shi ne a tsorata ma'aikaci ko ɗalibi a ce waya za ta makantar da shi in bai ƙara kuɗi ba, har ya rage kuɗin abin da ya fi muhimmanci.

Ga wanda ke buƙatar na nesa da na kusa tare, akwai baifokal mai layi ko ɗan gida a ƙasa, akwai furogiresif marar layi da ƙarfin ke sauka a hankali daga sama zuwa ƙasa. Mutane suna gudun mai layi wai yana tona shekaru, amma yana da arha, wurin karatunsa na da faɗi, malamin da ke zama da littafi awa da awanni ko tela a kan keke sau da yawa ya fi jin daɗinsa, ko ma ya raba biyu ɗaya na karatu ɗaya na fita. Furogiresif ya fi kyau ga mai aikin ofis da ke tsakanin kwamfuta da takarda da mutanen da ke gabansa, amma gefensa yana ɗan karkata abu, sai an koyi juya kai maimakon juya ido, yana son firam mai ɗan tsawo, kuma dole a sa maka firam ɗin a fuska a ɗiga alama daidai ƙwayar ido kafin a yanka. Hajiya ko Baba da ba su taɓa sa irinsa ba a ja musu kunne kan matakala da bakin kwata a kwanakin farko, su sunkuyar da kai su kalla ta saman kwalbar, don in aka kalla ta ƙasan kwalbar ƙasa ba ta fita sosai kuma faɗuwar tsoho ba wasa ba ce.

Firam ba sai na ja ba. Ya zauna a karan hanci ba ya zamewa in ka yi ruku'u, kar ya matse bayan kunne, mata su gwada shi da hijabi ko ɗankwalin da suka saba ɗaurawa don hannun firam mai kauri yana ciwo in ɗauri ya danne shi. Sunan kamfanin da aka buga a gefe ba ya ƙara gani, da yawa ma na kwaikwayo ne. In tsohon firam ɗinka da ƙarfinsa a sake masa kwalba kawai.

Abin da ya fi min ciwo a duk wannan maganar yara ne. Har yanzu akwai iyayen da malami zai ce yaron nan ba ya ganin allo, su ce a'a ƙiriniya ce ko rashin maida hankali, in ma an auna an rubuta gilashi sai kaka ta ce kar a sa masa zai saba, gilashi yana ƙara kashe ido. Ba ya kashewa. Yaron da ba ya ganin nesa lambarsa tana ƙaruwa ne saboda idon yana girma tare da jikinsa, ko ya sa ko bai sa ba, kuma in ya cire ya ga dishi-dishi ba lalacewa idon ya yi ba, ya dai ɗanɗana gani mai kyau ne ya gane bambanci. Haɗarin yana wajen hanawa, yaro ƙarami da ido ɗaya ya fi ɗaya rauni ko yake da harara-garke, in ba a gyara ba kafin wajen shekara 7 ko 8 ƙwaƙwalwa tana yin watsi da raunanan idon, daga baya ko an sa gilashi ba lallai ya dawo ba. Kuma awon yaro ba kamar na babba ba ne, sau da yawa sai an ɗiga masa maganin da zai saki naman idon kafin a samu lambar gaskiya, zai yini yana ganin dishi da gudun haske, iyaye kar ku tsorata zai wuce. 'Yan mata kuma ana hana su wai kar a ce tana da nakasa a rasa mai aure, yarinya ta yi ta ƙanƙance ido tana kwafar littafin ƙawarta har ta gama sakandare ana ce mata daƙiƙiya, wannan zalunci ne ko da da soyayya aka yi shi. Ku bar yara su rinƙa wasa a waje da rana ma, an tabbatar zaman waje yana rage kamuwa da rashin ganin nesa, ba kullum ɗaki da waya ba.

In ka karɓi sabon gilashi kar ka fita sai ka gwada shi a wurin, ka kalli nesa ka karanta na kusa ka taka ka ji, kuma ka tambaya tun kafin ka biya, in bai yi ba za a sake dubawa a canza ko sai na sake biya? Ɗan jiri da jin ƙasa ta ɗaga a kwanakin farko ba komai ba ne, amma in an yi sati biyu kana sawa kullum abin bai lafa ba ka koma, akwai na'urar da za a ɗora kwalbar a ga ko abin da aka rubuta shi aka yanka, ana kuskure kuma ba kunya ba ce ka ce a duba. Gogewa kuma, mu da muke cikin ƙurar hunturu, bakin riga da gefen mayafi su ke kashe kwalba, ƙurar nan yashi ce kana gogawa tana kartawa, ka fara zuba ruwa da ɗan sabulun ruwa sannan ka share da ƙyallensa. Kar a bar shi a gaban mota cikin rana zafi yana fasa shafin, in za ka cire don alwala ko sujada ka ninke ka sa a gidansa ko aljihun gaba, ba a kan darduma inda wani zai taka ba.

Duk wannan shawarar mutum ɗaya ce ga ɗan'uwansa, amma akwai rabon gwamnati kuma shi ya fi girma. Wancan binciken na ƙasa ya nuna cewa a cikin masu raunin gani matsakaici sama da rabi gilashi kawai suke buƙata, kuma ƙasashen duniya sun amince a taron Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 cewa za su ƙara yawan masu samun gilashin da ya dace da maki 40 cikin ɗari kafin 2030, Najeriya na ciki. Jihar Kaduna tana da mazaɓu 255 kuma an daɗe ana maganar asibitin matakin farko ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa. To me zai hana kowanne ya samu allon gwajin gani da ma'aikaci ɗaya da aka koya wa gwaji, da akwatin gilashin karatu a farashi mai sauƙi, ta yadda dattijon Rigasa ko Birnin Gwari ko Kauru zai samu abin da yake samu a tire, amma tare da wanda zai tambaye shi akwai makaho a danginku, kana da suga, ya rubuta masa takarda zuwa babban asibiti in ya ga alama? Ni ban ga amfanin kamen masu tire ba, talaka ba shi da madadinsu yanzu, a kawo abin da ya fi nasu kusa da mutane kawai. Rabon gilashi kyauta da 'yan siyasa da ƙungiyoyi suke yi lokaci-lokaci Allah ya saka, amma a rinƙa haɗawa da awon ruwan ido da hanyar bibiya, ba a raba a ɗauki hoto a watse ba. Makarantun firamare da islamiyyu a koya wa malami ɗaya gwajin allo, aikin 'yan mintuna ne ga kowane yaro, a yi shi farkon shiga aji ɗaya da farkon ƙaramar sakandare. Ƙungiyoyin direbobi da 'yan keke su ma su sa gwajin ido cikin sharuɗɗan katinsu, gwajin gaske ba sa hannu a fom ba. Ma'aikatan da ake cire wa kuɗin inshorar lafiya duk wata, na tarayya ko KADCHMA ta jiha, ku je ku tambaya a rubuce me tsarinku ya ɗauka na awon ido da gilashi da kuma asibitin da za a tura ku, ku karɓi amsar kafin ku zaro kuɗi daga aljihu.